Tatsuniyar da Ban Ce Wa Ƙurunƙus Ba

Assalamu alaikum mai wannan shafi, da ku masu karantawa, manyanku da yaranku. Ina gaishe ku da aiki, ina gaida iyali. Don girman Allah a ɓoye sunana. Kuma kafin wani ya buɗe baki ya ce tsohuwar banza, ya bari in kai ƙarshe tukuna, don zagin da na yi wa kaina ba wanda zai iya yi mini irinsa. Ni ban yi boko ba, hannuna bai san alƙalami ba. Murya na danna na aiko, kamar yadda nake aika wa ƙannena a gida, mai shafi kuma ta yi mini alkawari za ta rubuta yadda na faɗa, ba ragi ba ƙari. In kun ji zancen ya yi tsawo ku yi haƙuri, haka bakina yake tun ina yarinya.

Daga Najeriya na fito, ba zan faɗi gari ba. Yanzu ina garin Sabha, ƙasar Larabawa a tsallaken sahara, a unguwar Gurda, a wurin ɗana na fari, wanda ko sunansa ba na faɗa. Aikin ɗaura tayil yake yi a gidajen da ake ginawa, matarsa kuma tana girki a gidan wasu Larabawa a unguwar Hajara, ta fita da safe sai bayan la'asar. Wankan jego ne ya kawo ni lokacin da ta yi haihuwar fari, na zo da niyyar in yi arba'in in koma, ga shi har yarinyar ta haura shekara huɗu ina nan. Sunana aka sa mata, shi ya sa iyayenta suke ce mata Ummi, ni kuwa takwara nake ce mata. Ita da ubanta duk Iya suke kirana.

Ba yabon kai ba, yarinyar nan a hannuna ta zama mutum. Haƙorinta na farko a kan yatsana ta gwada shi. Rarrafenta wurina ta nufa. Ranar da ta fara tafiya, uwarta na can tana yanka wa Larabawa albasa, ni ce na buɗe hannu ina mata tata har ta faɗo ƙirjina. Ni na yaye ta, ni na koya mata zama a kan fo, ni na koya mata ci da dama da bismillah. Kalmar da ta fara fita daga bakinta Iya ce, a je a tambayi uwarta in ƙarya nake. Sannan ga tatsuniya. A garinmu in na zauna bayan magariba na ce ga ta nan ga ta nanku, matan aure na barin tuwo ya kama a tukunya. Masu boko takarda suke buɗewa, ni kaina nake buɗewa, kuma ban taɓa buɗewa na tarar da shi fanko ba. Duk wannan baiwar a nan ƙasar ba ni da mai sauraro sai mutum ɗaya, takwarata. Ta haddace ƙa'idar tun bakinta bai gama buɗewa ba. In na ce ga ta nan, ta ce ta zo mu ji ta. In na gama na ce ƙurunƙus, sai ta yi ajiyar zuciya ta yi dariya, don ta san kura ba ta ci kowa ba, duk ƙirƙira ce. Ni da bakina na gaya mata: abin da aka rufe da ƙurunƙus wasa ne, abin da ba a rufe ba labari ne, ya faru. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Akwai kuma wani abu da na koya mata, wanda duk Bahaushe ya sani. Yaro na riƙe da abu, ka miƙa hannu ka ce sam mini. In ya ba ka, ka kai bakinka kamar za ka ci, ka motsa leɓe, ka mayar masa ka ce na gode, Allah ya yi albarka. Haka aka yi mini, haka na yi wa ubanta, haka ake buɗe hannun yaro. Wane babba ne zai cinye abin yaro? Takwara ta iya wannan fiye da duk yaran layinmu. Baƙi in sun zo sai in yi musu gwaninta da ita, in ce ku ce mata sam mini ku gani. Ko alewa ce a bakinta sai ta ciro ta miƙa. Ni kuwa in gyara zama in ce, tarbiyyata ce.

Da aka shiga shekarar karatun nan ubanta ya ce za a sa ta a rauda, wato makarantar ƙananan yara, wani gida ne nan bayanmu da wata Balarabiya ta mayar makaranta. Na ce me ake ci na sauri, yarinyar da ko hancinta ba ta iya sharewa ba? Ya ce, “Iya, in ba ta ji Larabci tun yanzu ba, za ta sha wuya gaba.” Na ƙyale shi. Ni na kai ta ranar farko. A ƙofa muka tarar da malamar ajinsu, wadda yara ke ce wa Abla, haka ake kiran malama mace a nan. 'Yar siririya, da tabarau, da wushirya, da zoben azurfa a ɗan yatsa. A nan Sabha aka haife ta amma iyayenta mutanen Nijar ne, tana jin Hausa, irin Hausar nan mai mayar da mace namiji. Ta durƙusa ta ce, “Ummi ya zo? Sannu Ummi, kai ne mai kyau haka?” Na ce a raina, wannan ce za ta koya wa takwarata magana? Na koma gida ina jiran a aiko a ce yarinya ta ƙi zama. Ba a aiko ba.

To daga nan fa sunan Abla ya shigo gidanmu ya yi shimfiɗa. Abla ta ce a wanke hannu har tsakanin yatsu. Abla ta ce ba a jefar da bawon ayaba. Ta dawo da hannu duk launi, ta dawo da takarda an yanka ta kamar kifi, ta dawo da waƙar Larabci mai tafi. Wata safiya na kama rigarta zan ɓalle mata maɓalli kamar kullum, ta ture hannuna ta ce, “Bari Iya, na iya.” Ta ɓalle su tas, ta sa na ƙarshe a ramin da ba nasa ba ta kwance ta gyara. Ubanta har da tafi. Ni ma na ce madalla, amma wallahi a baki kawai. Yaushe ta koya? A gaban wa ta fara yi? Tafiyarta ta farko a gabana aka yi, yanzu kuma sai dai a kawo mini saura? Da yamma ta jera takalman gidan nan ta ce su ne yara, ita ce Abla, ni ma in zauna a layi. In na yi magana ta ce, “Iya, ba ki ɗaga hannu ba.” Ni da na haifi ubanta. Wanda ya fi ci mini rai, ina tsakiyar tatsuniyar kura da ɗan akuya, na kai inda kowa yake riƙe numfashi, sai ta ce, “Ina hoton? Abla tana nuna mana hoton.” Na ce hoton yana cikin kanki, ja'ira. Ta yi dariya, ni ban yi ba.

Duk ranar Alhamis suna da abin da suke kira ranar rabo. Kowane yaro ya zo da ɗan abin ci daga gida, su zauna su zagaye tabarma, kowa ya ba na kusa da shi. Ni na iya kantun riɗi, wanda ake ci a nemi ƙari, sai na riƙa yi mata tana tafiya da shi. Alhamis ta farko ta dawo tana kuka har da majina. Na ce wa ya taɓa ki? Ta ce, “Na sam wa Abla, ta cinye.” Na ce ta me? Ta ce, “Ta cinye duka, ba ta maido ba.” Ku ji, ranar nan daɗi ne ya kama ni. Na goya ta ina cewa rabu da ita, marar tarbiyya, ƙatuwa da ita tana cin abin yara. Na ɗauka shi ke nan, soyayya ta ƙare.

Ashe farawa ta yi. Ban san me Ablar nan ta gaya mata ba, Alhamis ta gaba ta dawo tana tsalle. “Iya, Abla ta ce kyauta ba ta dawowa. In ta dawo aro ce.” Tun daga nan, in na juye kantu a faranti na yayyanka, sai ta tsaya ta zaɓi wanda ya fi girma, ta naɗe shi daban, ta ce na Abla. Wata rana tana cikin naɗewa na miƙa hannu na ce, “Takwara, sam mini.” Ta dube ni, ta dubi kantun, ta ce, “Iya, ai ke ba kya ci.” Ta sa shi a jaka ta ja zif. Ba da rashin kunya ta faɗa ba, da ma da rashin kunya ne da na ji sauƙi. Kamar mai cewa yau ana rana, haka ta faɗa. Ni na soya riɗin, ni na ƙona yatsa a sukari, ni na koya mata miƙa hannun tun ba ta san sunanta ba, amma babban yanki na wata ce mai ce mata kai?

Na kwana da wannan, na tashi da shi, na yi sallah da shi. In na ga Abla a ƙofa da safe tana buɗe hannu, takwara ta saki yatsana ta ruga ko waiwaye babu, sai in ji kamar an zare mini wani abu a ciki. Na gaya wa surukata, ta yi dariya ta ce, “Kai Iya, ai hutu kika samu.” Wa ya ce mata hutu nake nema?

Ranar da na yi abin, Asabar ce, ba makaranta, iyayen duk sun fita aiki. Tsakar rana, an ɗauke wuta, zafi ya hana kowa motsi, ƙaramin ƙaninta yana barci. Muna kwance a kan tabarma, sai ta ce, “Iya, in na girma a gidan Abla zan zauna.” Na ce ni fa? Ta ce, “Zan riƙa zuwa gaishe ki.” Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Kowa ya sani ba a tatsuniya da rana, ni ma ban taɓa yi ba sai ranar. Kuma ban ce ga ta nan ba. Cewa na yi, takwara, matso ki ji wani abu. Na ce akwai wata mata a wani gari mai yashi irin wannan, tana da gida mai ƙananan kujeru da yawa, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa. Tana da idanu na gilashi a kan idanunta, da ƙofa a tsakanin haƙoranta, da zobe fari. Ba ta duka, ba ta tsawa, kullum murmushi. Sai dai duk yaron da ya miƙa mata abu, ba ta mayarwa, ci take yi. Kuma ba abin kaɗai take ci ba, da ɗan yankin kurwar yaron take haɗawa. Yau kaɗan, gobe kaɗan. Yaro ya fara manta hanyar gidansu, ya manta kakarsa, ƙafafunsa su sandare, bayansa ya miƙe, wata safiya a wayi gari an sami ƙarin kujera ɗaya a gidan. Na ce, duk kujerun nan da ake zama a kai, yara ne masu kyauta.

Na iya ba da labari, na gaya muku. Na yi muryar matar, na yi ƙarar taunarta, na yi kukan kujera in an ja ta a ƙasa. Ban ambaci sunan kowa ba, Allah shaida ne, amma ina buƙatar in ambata? Na kai ƙarshen labarin. Can ta ce, da 'yar ƙaramar murya, “Iya, ba ki ce ƙurunƙus ba.” Nan ne Allah ya buɗe mini ƙofa. Kalma ɗaya ce, da na faɗe ta da ta yi dariya ta manta. Na dubi idonta na ce, “Wannan ba ta da ƙurunƙus.”

Washegari Lahadi, ranar da ake komawa makaranta a nan, da muka isa ƙofar rauda, Abla ta buɗe hannu kamar kullum. Takwara ta ƙanƙame ƙafata ta fasa ihun da sai da mutanen shaguna suka leƙo. Aka lallaba aka shigar da ita, ta ƙi zama a kujera, ta tsaya a kusurwa har aka tashi, fitsari a tsaye ta yi shi. Kwana na gaba ko layin ba ta yarda mun shiga ba. Zan faɗi gaskiya tunda ita na zo faɗa: makon farko daɗi na ji. Ta dawo bayana, ta riƙe bakin zanina har ƙofar banɗaki, ba Abla ta ce, ba ɗaga hannu. Ni nake ɓalle mata maɓalli, ta ce ta manta yadda ake yi. Na ce a raina, yauwa, kowa ya kama nasa.

Amma ba yarinyar da na sani ba ce ta dawo mini. Wadda ta daina fitsarin kwance tun bara ta koma yi. Hannunta kullum a dunƙule, ko a barci. In an ba ta abu sai ta juya wa mutane baya ta ci da sauri, ragowar ta cusa a ƙarƙashin matashi, har tururuwa suka cika mana shimfiɗa. Ƙaninta ya miƙo hannu wajen biskit ɗinta, ta doke hannun har ya yi ja. Baƙuwa ta zo ta ce mata sam mini cikin wasa, ta ruga bayan ƙofa ta ɓuya. Kujerar roba da ke tsakar gidanmu kewaye ta take yi. Wata rana na same ta ta tsuguna a gabanta tana tambayarta a hankali, “Yaya sunanka?”

Kuma yaro ba ya riƙe magana. Ta gaya wa yaran maƙwabta cewa Abla tana cin yara tana mayar da su kujera, su kuma suka kai wa iyayensu mata. Kalmar mayya ba daga bakina ta fito ba, matan layi ne suka sa mata wannan sunan. Sai ga wadda ta tuna ɗanta ya yi zazzaɓi bayan ranar rabo, sai ga wadda ta ce dama idon malamar nan bai yi mata ba. Da yake ni ce babba a layin, wurina suka zo. “Iya, ke da kika ga jiya kika ga yau, me kika gani?” Na sunkuyar da kai na ce, Allah dai ya kyauta. Abin da na ce ke nan, kuma na san yadda za su fassara shi. Hausawan layinmu da dama sun cire yaransu. Ɗana ya tambayi 'yarsa wa ya gaya mata wannan magana, ta dube ni, ta yi shiru. Yarinya 'yar shekara huɗu ta rufa mini asiri. Shi kuwa ya ɗauka da idonta ta ga wani abu. Yanzu shi da wasu iyaye maza sun yanke shawara ranar Lahadi mai zuwa za su je wurin mai makarantar su ce ko ta kori Abla ko su kai maganar gaba. Balarabiya ba ta san maita ba, don haka sun ce sihiri za su ce mata. Ku da kuke gida ba lallai ku gane ba, amma mu da muke nan mun san wannan kalmar ba a ƙofar makaranta take tsayawa ba, har gaban hukuma take kai mutum, balle a kan 'yar baƙi wadda ba ta da kowa sai uwa tsohuwa.

Shekaranjiya bayan la'asar aka yi sallama, ni kaɗai ce da yaran. Na ɗaga labule, Abla ce, da ledar dabino a hannu. Takwara na jin muryarta ta shige ƙarƙashin gado. Na shimfiɗa mata tabarma, na dafa shayi. Ta rame, tabarau ɗin har ya yi mata yawa. Ta ce, “Mama, na zo in tambaye ki ne, ke kika fi kowa sanin Ummi. Me na yi masa?” Na ce yara ai sai Allah. Ta ce ta ji abin da ake faɗa, har mai shagon da take sayen burodi ya daina karɓar kuɗi daga hannunta, sai ta ajiye a kan tebur. Ta ce, “Wai don na ci kantu.” Ta yi 'yar dariya, hawaye na zuba. Ni kuwa, maimakon in yi shiru, sai na ce, “To ke ma, ina aka taɓa cin abin yaro? Kaiwa baki ake yi a mayar.” Ta ce ta sani, haka uwarta take mata. Ta ce da farko ita ma mayarwa ta yi niyyar yi, har ta miƙa, sai Ummi ta ce mata, ke ma ba kya son nawa? Ta tambaye ta, wa kuma ba ya so? Ummi ta ce, Iya, kullum na ba ta sai ta maido mini, nawa ba daɗi. Abla ta ce, “Shi ya sa na ci, Mama. Na ga kuka ya yi, amma na so ya san ana son abinsa.” Sannan ta ce ta daɗe tana so ta roƙe ni in riƙa zuwa ranar rabo ina yi wa yara tatsuniya, don Ummi kullum cewa take Iyarta ta fi littafi.

Kun san me na ji a lokacin? Kunya, na'am, kamar ƙasa ta tsage. Amma a ƙarƙashin kunyar, kishin nan yana nan bai motsa ba. Yarinyar da na goya shekara huɗu tana ɗauke da wannan magana a cikinta, ba ta gaya mini ba, sai ta kai wa wadda ta sani jiya? Me ya sa ita ta ji ni ban ji ba? Na raka Abla har ƙofa, na ce Allah ya bayyana gaskiya. Ta ce amin, ta riƙe hannuna da hannu biyu. Da bakina na yi addu'ar, ina tsoron a karɓa.

Da ta tafi na jawo takwara daga ƙarƙashin gado, na kakkaɓe mata ƙura, na ɗora ta a cinya. Na ce, “Takwara, labarin nan na rannan, na matar nan mai kujeru. Mantawa na yi. Ƙurunƙus.” Ta girgiza kai ta ce, “Ba a cewa ƙurunƙus in an riga an tashi. Ke kika ce.” Gaskiyarta, ni na ce, wata rana can da ta so ta rufe tata tatsuniyar bayan mun ci abinci. Na ce to ƙarya ce na yi miki, babu wata mata. Ta ce, “Iya ba ta ƙarya.” Wannan ma ni na koya mata. Na ɗauko kantun da na yi da safe na ba ta, ta dunƙule shi a hannu. Na ce a raina yau zan ci, komai ƙanƙantarsa, ta gani da idonta. Na miƙa hannu na ce, “Sam mini.” Ta mayar da hannun bayanta. Ta daɗe tana kallon bakina, sannan ta ce, “Za ki ci?”

Jama'a, me zan ce mata? In na ce zan ci, na zama matar cikin labarin. In na ce ba zan ci ba, na koma Iyar da ba ta son nata. Da bakina na ɗaure ta, na ɗaure kaina, na ɗaure 'yar mutane. Hannuna yana miƙe har ya gaji na sauke, ita ba ta fito da nata ba.

Lahadi ta matso. In na gaya wa ɗana, na san halinsa, ba zai ɗaga mini murya ba, mota kawai zai nema mini, in ratsa saharar nan in koma gida, takwara ta girma tana jin cewa kakarta ce ta yi mata haka. Matan layin da suke durƙusa mini su ji cewa tsohuwa ce ta ƙulla duk abin saboda yankin kantu. In kuma na yi shiru, za a ɗora wa Abla sunan da ba ya wankuwa, za ta rasa aikinta, ƙila abin ya wuce aiki, ita da uwarta. Kuma ga abin da ban gaya wa kowa ba sai ku: ko yanzu da nake wannan magana, in na tuna cewa in na wanke Abla, da hannuna zan kama takwara in mayar mata, in tsaya a ƙofa in ga ta saki yatsana ta ruga, sai zuciyata ta ce in ƙara jira kaɗan. Ban warke ba. Kada ku ba ni shawarar da ake ba wanda ya warke.

Ku masu ilimi, ku masu 'ya'ya da jikoki, akwai hanyar da zan wanke yarinyar nan ba tare da na rasa takwarata ba? Wa zan fara tunkara, ɗana, ko Abla, ko matan layi? Kuma ta yaya ake buɗe hannun yaron da kai ka rufe shi? Na ba da tatsuniyoyi ba iyaka a rayuwata, ban taɓa rasa yadda zan ƙare ko ɗaya ba sai wannan.

Don Allah, me zan yi?